Malamin Hisabi na Katsina da Masu Bin Sawunsa

In ka tambayi dattijo a Bomo, ko Samaru, ko Sabon Gari, sunayen sarakunan Zazzau, zai jero maka su tun daga Malam Musa da Yamusa da Abdulkarimu, ya gaya maka wanda ya ci yaƙi da wanda aka tuɓe. Amma in ka sake tambayarsa ka ce, "To, wane ne ya fi kowa sanin lissafi da tafiyar taurari a ƙasar Hausa wajen shekara 300 da suka wuce?" sai ka ga ya yi shiru. Laifin kuwa ba nasa ba ne. Marubutan tarihinmu na dā sun fi kula da sarauta da yaƙi da yunwa, maroƙa kuma ba su yi wa mai hisabi kirari. Don haka mutane da yawa suka ɗauka ilmin lissafi da binciken halitta baƙi ne a ƙasar nan, sun zo tare da Turawan gona da suka kafa wurin gwajin shuke-shuke a Samaru cikin 1922, ko kuwa tare da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe cikin 1962.

Akwai waɗansu malamai da sana'arsu ke nan su gyara irin wannan zato. Su ne masu tarihin ilmi. Aikinsu su bi tsofaffin takardu, su gano abin da mutanen dā suka sani game da ƙidaya da sama da ƙasa da magani, da wurin wanda suka koya, da amfanin da suka yi da shi. A nan za mu ba da labarin wani malamin Katsina da ya kusa ɓacewa, da labarin mutanen da suka bi sawunsa har suka komo mana da shi, don mai karatu ya ga yadda wannan sana'a ta ke, da abin da ta ke bukata.

MALAMIN DA YA TAFI GABAS

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina, shi ya sa Larabawa ke ce masa Alkashinawi. Cikin laƙabinsa akwai kuma Addanrankawi, masana suka ce wannan yana nuna asalinsa daga wani gari ne mai suna Ɗan Ranko. Ya yi karatu wurin manyan malamai na ƙasashen nan, cikinsu akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, da wani Shehu Muhammadu Bindu wanda ya koya masa hisabi da sanin lokatai da ilmin aufaƙi. Mu lura da wannan da kyau, gama a nan gida ya sami tushen ilminsa, tun bai ga Bahar Maliya ba.

Da ya ƙoshi da karatu sai ya kama hanyar gabas. Ya yi aikin hajji cikin shekara ta 1142 ta Hijira, watau 1730, ya zauna a ƙasa mai tsarki yana karantarwa, daga baya ya wuce Alƙahira ta Masar. Tsakanin 1145 da 1146 na Hijira, watau wajen 1733, ya gama littattafansa biyu da aka fi saninsa da su. Ɗaya sunansa Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da aufaƙi. Ɗayan kuwa Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, ya gina shi bisa wani tsohon littafi da a ke danganta wa Fahruddini Arrazi. Ban da waɗannan ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi.

A Alƙahira ya sami masauki wurin Shehu Hasan Aljabarti, wani babban malamin falaki wanda ya ƙware wajen ƙera alamun rana na sanin lokacin salla. Mai masaukin nan, duk da girmansa, ya zauna gaban baƙonsa ya ɗauki ilmin aufaƙi. A gidansa Allah ya karɓi ran Malam Muhammadu cikin 1154 ta Hijira, watau 1741. Kafin ya cika ya bar wa Shehu Hasan wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Aka rufe shi a Alƙahira, bai sake ganin Katsina ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka kuwa aka yi, littattafansa suka zauna a Masar, sunansa ya dushe a ƙasar da ta haife shi.

MENE NE AUFAƘI?

Aufaƙi shi ne abin da mu ke kira hatimi. Ko wane almajiri ya taɓa ganinsa a allo ko cikin kundi. A kan zana fili mai kusurwa huɗu, a raba shi gida-gida, a zuba lambobi, yadda in ka tara ko wane jeri, a tsaye, ko a kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ka samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, ga shi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina ka tara, 15 za ka samu. Lambobin kusurwoyinsa, watau 2 da 4 da 6 da 8, in aka mai da su haruffa su ne ba da dal da wau da ha, daga nan kalmar buduhu ta fito.

Wannan ba ya da wuya. Wuyar tana zuwa sa'ad da aka ce ka cika mai gida 25, ko 49, ko 81, ba tare da lalube ba. Nan ne ilmi ya ke. Da farko akwai ƙa'idar sanin jimla tun ba ka sa alƙalami ba. Ka ɗauki yawan gidajen jeri ɗaya, ka ninka shi da kansa, ka ƙara 1, ka sake ninkawa da yawan gidajen jerin, sa'an nan ka raba biyu. In jerin gida 5 ne, 5 sau 5 ya ba ka 25, da 1 ya zama 26, sau 5 ya zama 130, rabinsa 65. Na gida 7 kuwa jimlarsa 175.

Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyi na cika hatimin da jerinsa ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 5 da 7 da 9. Cikinsu akwai wadda lamba ke tsalle irin na doki a wani wasan dara na Larabawa da su ke kira shaɗaranji. Ga wata hanya irin wannan da mai karatu zai iya gwadawa a ƙasa da tsinke. Zana hatimi mai gida 25. Sa 1 a gidan da ka ga dama. Daga nan hau gida biyu sama, ka matsa gida ɗaya dama, ka sa 2. Haka za ka yi ta yi. In tsallen ya fid da kai ta sama, sai ka shigo ta ƙasa, in ya fid da kai ta dama, ka shigo ta hagun, kamar dai an naɗe takardar bakinta ya haɗu. In ka tarar gidan da za ka sauka da mai shi, sai ka sa lambar a gidan da ke ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu, ka ci gaba da tsalle. Da ka kai 25, tara ko wane jeri, za ka sami 65. Wanda ya gwada wannan da hannunsa ya san mai tsara irin waɗannan ƙa'idodi ba ƙaramin mai tunani ba ne.

YADDA SUNANSA YA TSIRA

Shehu Hasan Aljabarti yana da ɗa, Abdurrahman, wanda aka haifa bayan Malam Muhammadu ya yi fiye da shekara 10 a kabari. Yaron nan bai taɓa ganin baƙon ubansa ba, amma ya tashi cikin gidan da littattafansa su ke. Shi ne ya zama babban mai tarihin Masar na zamaninsa, ya rubuta littafin da a ke kira Aja'ibul Asar, inda ya ba da labarin shigar Faransawa Masar cikin 1798. Al'adarsa ce, in ya gama labarin shekaru, sai ya kawo tarihin manyan mutanen da suka rasu cikinsu. A nan ya sa Malamin Katsina, ya faɗi malamansa, da tafiyarsa, da littattafansa, da inda aka rufe shi. Yawancin abin da muka sani na rayuwarsa daga wannan wuri ya fito. Da Abdurrahman ya ga baƙon Sudan bai isa a ɓata masa tawada ba, da yanzu sai dai mu ga suna a bangon littafi, ba mu san mai shi ba.

A gida kuma, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya ambace shi a taƙaice cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta cikin 1812, wurin da ya ke lissafa malaman ƙasashen nan. Bello da kansa mai son irin wannan ilmi ne. Ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido, da na basur, da amfanin filasko. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824 ya nuna masa taswirar sama, ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo cikin 1826 ya kawo masa kyautar littafin Uƙlidisu na ilmin awo, da Larabci. Bello ya gaya masa dā ma gidansu suna da irinsa, wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi.

To, ka ga abu biyu cikin wannan ɗan labari. Na farko, ana karanta lissafin Yunanawa a Sakkwato tun Turawa ba su kawo ba. Na biyu, wuta ɗaya ta isa ta shafe shaidar haka. Ba don baƙo ya rubuta maganar nan cikin littafin tafiyarsa ba, wa zai gaya mana?

AIKI YA ZO IBADAN DA SAMARU

Shekaru suka shuɗe. Wani Bajamushe mai suna Brockelmann, wanda ya tsara sunayen littattafan Larabci na duniya, ya sa Alkashinawi cikin jerinsa, amma wannan sai manyan masana ke dubawa. Cikin 1961 aka buga Durrul Manzum a Alƙahira. Cikin 1962 waɗansu Turawa biyu da suka yi aiki a Nijeriya ta Arewa, Bivar da Hiskett, suka buga wani dogon bayani a Landan a kan rubuce-rubucen Larabci na ƙasar nan kafin jihadi, suka kawo labarinsa ciki. Wannan ya tuna wa masana cewa kafin 1804 akwai malamai a ƙasar Hausa, ba a cikin duhu Shehu ya tashi ba.

Cikin wannan shekara ta 1962 aka buɗe jami'a a Samaru. Wanda ya kafa sashen tarihi a cikinta wani Bature ne, H. F. C. Smith, an haife shi cikin 1920, ya koyar a Sudan da Ibadan kafin ya zo Zariya. Ya musulunta cikin 1967, aka san shi da Abdullahi Smith. Ra'ayinsa shi ne ba za a rubuta tarihin ƙasar nan daga rahotannin Razdan da Di'o kaɗai ba, sai an koma ga abin da 'yan ƙasa suka rubuta da hannunsu. Saboda haka aka kafa wani shiri na binciken tarihin Arewa, rahotonsa na farko ya fito a Zariya cikin 1966. Ma'aikatan shirin, cikinsu har da Murray Last, suka riƙa bin gari gari, suna sallama a zaurukan malamai da alƙalai, suna roƙon a buɗe musu gafaka da adaka su ɗauki hoton takardu, su mayar wa mai abu abinsa. Cikin 1970 Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna, ya zama wata ma'ajiya ta irin waɗannan takardu. Ya rasu cikin 1984.

Masu wannan yawo tarihin daula su ke nema tun farko. Amma mai tonon rijiya ba ya zaɓen abin da zai tarar. Tsakanin wasiƙun sarakuna da littattafan fiƙihu sai ga takardun hisabi, da na taurari, da na magani, da hatimai. Sai aka rasa mai karanta su, domin wanda ya iya Larabci sau da yawa bai iya lissafi ba, wanda ya iya lissafi kuwa bai iya warware rubutun Magaribi ba.

MALAM HASSAN GWARZO DA RAMZI

Cikin waɗanda suka fara haɗa biyun akwai marigayi Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, mutumin ƙasar Kano. Cikin 1967 ya buga wani bayani a mujallar cibiyar tattara takardun Larabci ta Jami'ar Ibadan, a kan yadda Malam Muhammadu na Katsina ya warware ilmin ramzi. Ramzi shi ne rubuta shekara da haruffa maimakon lambobi, gama ko wane harafin Larabci yana da adadinsa. Malamanmu sun saba, in sun gama littafi ko waƙa, su ɓoye shekarar cikin kalma ɗaya a ƙarshe.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Bari mu gwada mu gani. Lissafin haruffa iri biyu ne, akwai na mutanen gabas, akwai na Magaribi, wanda shi ne malaman ƙasar nan suka gada. Sun yi daidai a yawancin haruffa, amma sun saɓa a guda 6. Harafin shin, alal misali, 1,000 ne a lissafin Magaribi, a na gabas kuwa 300 ne. To, Shehu Usmanu ya rasu cikin 1232 ta Hijira, watau 1817. In za a rubuta shekarar nan da haruffa bisa hanyarmu, sai a sa shin da ra da lam da ba, watau 1,000 da 200 da 30 da 2. Amma in wanda ya yi karatu bisa hanyar gabas ya ɗauki takardar nan bai sani ba, zai karanta 532. Ya yi kuskuren shekara 700 ke nan a harafi guda. Ka ga ashe lissafin malamin dā ya zama mabuɗi a hannun mai tarihin yau, da shi zai san shekarun sauran takardu.

Malam Hassan ya tafi Landan ya sami digirin dakta cikin 1972, da bincike a kan Shehu Magili, daga baya aikin shari'a ya ɗauke shi har ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano. Amma ɗan bayanin nan nasa ya yi tafiya mai nisa. Cikin 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta buga littafi a kan ƙidaya da lissafi na mutanen Afirka, ta sa hatiman Malamin Katsina a ciki. Ta wannan hanya 'yan makaranta na ƙasashe masu nisa suka ji sunansa, tun yawancin 'yan Katsina ba su ji ba.

MALAM AHMAD KANI

A Samaru kuwa, wanda ya ɗauki wannan fanni da gaske shi ne marigayi Malam Ahmad Muhammad Kani, na sashen tarihi. Tafiyar aikinsa abin lura ce, domin ta nuna yadda a ke zama mai tarihin ilmi, mataki mataki. Kundinsa na digiri na biyu, cikin 1978, a kan rubuce-rubucen malaman ƙasar Hausa ne na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Watau ya fara da sanin dajin duka kafin ya zaɓi itace. Sa'an nan ya tsaya kan mutum guda, ya yi shekaru yana tattara littattafansa yana gwada kwafi da kwafi, har ya sami digirin dakta cikin 1987.

Mutumin nan shi ne Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza. An haife shi cikin 1804, shekarar hijira zuwa Gudu, ya zauna a Salame, ya rasu cikin 1864. Baturen nan Barth, da ya zo ƙasar Sakkwato cikin 1853, ya shaida babu wanda ya kai shi ilmi cikin tsararsa. Ɗan Tafa ya rubuta tarihin sarakunan Hausa cikin Raudatul Afkar, ya kuma yi rubutu a kan falsafa, ya karanta hisabi da falaki da aufaƙi. Duk wanda zai fahimci irin wannan malami dole ya koyi abin da ya koya. Ta nan Malam Kani ya shiga tarihin lissafi.

Cikin 1992 ya buga bayani a kan hisabi a ƙasar Hausa da Barno kafin zuwan Turawa, cikin littattafan da wata malama da ta koyar da tarihi a Samaru, Gloria Emeagwali, ta tsara. Abin da ya nuna shi ne hisabi bai tsaya ga hatimi ba, yana cikin aikin yau da kullum, wajen rabon gado, da fid da zakka, da ciniki, da sanin lokacin noma.

Dubi rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi. Alƙali zai nemi adadin da 8 da 6 za su shiga, ya sami 24. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17. Namiji yana da rabon mata biyu, ga shi 17 ba ta rabuwa uku. Sai ya ninka duka sau 3, asali ya zama 72, mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Alƙalan ƙasar nan suna wannan lissafi tun ba a san allon makarantar boko ba.

Dubi kuma noma. Malaman hisabi sun raba shekarar rana ga taurari 28, ko wane yana da kwana 13, sai Jabha mai 14, jimla 365. Manomin Bomo da ke tambayar malam ko Zira'a ta shiga, ko Nasara, ko Ɗarfa, kafin ya san inda damina ta kai, da wannan tsohon ilmi ya ke aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Malam Kani ya koyar kuma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, almajiransa da na abokan aikinsa suka ci gaba da tonon takardun.

AMANAR MAI TARIHI

Yanzu ga wata magana mai nauyi. Wani zai ce, "Ashe ba tsibbu ne malamin nan naku ya rubuta ba?" Amsar gaskiya ita ce littattafansa sun haɗa abu biyu. Akwai lissafi tsantsa, wanda ko wa ya gwada zai ga ya fita daidai. Akwai kuma maganar asirin haruffa da ɗalasimai da tasirin taurari a kan al'amuran mutane. Malaman shari'a tun dā sun raba ilmin taurari biyu. Wanda a ke sanin alƙibla da lokatan salla da na shekara da shi, sun yarda da shi. Wanda a ke da'awar sanin gaibu da shi kuwa, sun hana. Durrul Manzum ya shiga wannan fanni na biyu ƙwarai.

Nan ne a ke gane mai tarihi na kirki. Mai son yabon gida zai ɓoye ɗalasiman, ya nuna lissafin kaɗai, ya ce ga gwaninmu. Mai raini zai nuna ɗalasiman, ya ce duka shirme ne. Dukansu biyu sun ci amana. Mai tarihi sai ya ajiye littafin yadda mai shi ya bar shi, ya bayyana abin da mutanen zamanin suka ɗauka ilmi ne, da dalilin da ya sa.

Turawa ma sun sha wannan gwaji game da nasu malaman. Kefla, Bajamushen da ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, wanda ya rasu cikin 1630, ya kan yi wa manya duban taurari a biya shi. Niyuton na Ingila, wanda ya rasu cikin 1727, shekara 3 kafin hajjin Malam Muhammadu, ya bar tulin takardu a kan alkimiya, watau neman asirin juya ƙarfe ya zama wani. Aka daɗe ana kau da kai daga takardun nan, sai da aka yi gwanjonsu a Landan cikin 1936 masana suka zauna suka karanta, suka ga mutumin ya fi yadda a ke zato faɗi. Wannan bai rage masa daraja ba. Amma kuma kada mu zarce mu ce aikin Malam Muhammadu daidai ya ke da na Niyuton. Ko wanne da fagensa. Abin da ya tabbata ya ishe mu, watau ɗan ƙasar Katsina ya koyi hisabi a gida har malamin falaki na Alƙahira ya zauna gabansa.

ABIN DA YA RAGE

Cikin 1995 John Hunwick, wanda ya kafa cibiyar nan ta Ibadan, ya fid da babban littafi mai jera marubutan Larabci na ƙasashen Hausa da Barno da maƙwabtansu, da inda a ke samun ko wane littafi. Duk da girmansa, abin da aka gani kaɗai ya ƙunsa. Akwai takardu a Samaru, da Gidan Arewa, da ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna, da gidan tarihi na Jos, da na Waziri Junaidu a Sakkwato. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa barin zauren masu su ba, gara na ci, ɗaki na yoyo a kansu, magada na rabawa ganye ganye.

Kai da Allah ya nufa ka koyi karatu da girmanka, ga abin da za ka iya. In akwai gafakar kaka a gidanku, ka ɗauke ta daga ƙasa, ka nisanta ta da danshi da murhu. Kada ka raba ganyayen littafi don rabon gado, gama littafin da aka raba ya mutu. Ka kula da ganyen ƙarshe fiye da ko wanne, nan ne mai juyi ke sa sunansa da ramzin shekara. In ka ɗaga takarda wajen haske ka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, ka san irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Sahara, masana na amfani da alamar wajen kimanta shekarunta. Kada ka ƙyale takarda don ka ga lambobi ne da zane ba addu'a ba. In ka sami hali ka kai a ɗauki hotonta, a mayar maka da abinka. Gidan Sarkin Musulmi ma gobara ta ci littafi, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

In kuwa kana da yaro mai kaifin kai, wanda ya iya Larabci ya kuma so lissafi, ka gaya masa akwai sana'ar da ke jiransa. Tana bukatar haƙuri, da ido, da tsoron faɗin abin da ba a tabbatar ba. Allah ya ji ƙan Malam Muhammadu na Katsina, da waɗanda suka tsare mana sunansa, ya ba mu masu ɗaukar aikin daga inda suka ajiye. Amin.